Gidan Eli da Amanar Yara

Karatu: 1 Samu'ila 2:11-36, 3:1-18, 4:10-22. A duba kuma Matta 18:1-17 da Irmiya 7:1-15.

Ga mai bi da darasi: wannan darasi na manya ne, sai a bi da shi bayan an sallami yara zuwa ajinsu. Ka sani watakila a cikin masu jinka akwai wanda abin nan ya taɓa samu, yana ɗauke da miki tun yana ƙarami, bai kuwa faɗa wa kowa ba. Kada ka tilasta wa kowa yin magana, kada kuma ka yarda a mai da zancen abin dariya.

Yawancinmu mun san labarin yaro Samu'ila tun muna makarantar Lahadi, yadda Ubangiji ya kira shi da dare, ya yi ta gudu wurin Eli yana tsammani tsohon ne ke kiransa. Muna ƙaunar labarin, amma sau da yawa mukan tsaya a wurin kiran, ba mu kai ga saƙon da aka ba yaron ba. Saƙon kuwa hukunci ne a kan babban firist na Isra'ila. Abin da za mu bincika yau shi ne dalilin hukuncin, gama ba Eli ne ya aikata ƙazantar da aka yi a Shilo ba.

Bari mu fara da gidan. Hannatu ta roƙi ɗa da hawaye, da ta yaye shi ta kai shi Shilo ta bar shi a hannun Eli. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kawo, ta gan shi, ta koma Rama. Ba ta da wurin da ta fi amincewa da shi a duniya kamar ɗakin Ubangiji. To, a gidan nan ne Hofni da Finehas su ke. Sukan aiki bara da cokali mai yatsa uku ya tsoma cikin tukunyar mai hadaya ya kwashe abin da ya kamo. Sukan karɓi ɗanyen nama tun ba a ƙone kitsen ba, wanda ya yi gardama kuwa su ƙwace da ƙarfi. Ba su tsaya nan ba, har suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Sai mu lura da abu guda: da matsayinsu na firist suka yi dukan wannan. Ɓarawon hanya ba shi da iko a kan tukunyar hadaya, ba shi kuma da iko a kan macen da ta zo hidima. Rigar firist ita ta buɗe musu ƙofa, ita kuma ta rufe bakin waɗanda aka zalunta.

Eli fa? Littafi bai ce bai sani ba. Labari ya iske shi daga bakin jama'a duka. Bai kuma yi shiru ɗungum ba: ya kira 'ya'yansa, ya tambaye su dalili, ya nuna musu cewa rahoton da ya ke ji ba shi da kyau, har ya gargaɗe su game da zunubi ga Ubangiji. In da a ce mu muna wurin, da mun ce tsoho ya yi ƙoƙarinsa. Amma da gari ya waye Hofni da Finehas suna nan a bakin bagade, cokalin nan yana hannun baransu, matan kuma suna ƙofar alfarwa kamar jiya. Eli shi ne babban firist, shi ne kuma alƙalin Isra'ila, yana da ikon tuɓe su, bai tuɓe su ba. Saboda haka mutumin Allah ya zo ya tuhume shi da girmama 'ya'yansa fiye da Ubangiji, ya kuma haɗa shi da su cikin cin kitsen hadaya. A sura 3 aya 13 aka taƙaita laifin ga yaro Samu'ila: Eli ya san abin da a ke yi, bai hana ba.

Akwai faɗar da ba ta hana kome. Mai yin ta yakan sami sauƙi a ransa, ya ce ai na yi magana, mai laifi kuwa yakan gane cewa iyakar abin ke nan.

Abin da ya faru a Boston

A zamaninmu an ga wannan labari ya sake faruwa a fili, da takardu da sunaye da ranaku, a cikin Ekklesiyar Katolika. Za mu ɗauki birni guda mu duba shi da kyau, watau Boston, a jihar Massachusetts ta Amurka, inda Katolika su ke da yawa ƙwarai.

An naɗa wani mutum mai suna John Geoghan fada a shekarar 1962. Cikin shekara talatin da 'yan kai ya yi aiki a majami'u shida, mutane fiye da 130 kuma suka ce ya yi lalata da su suna yara. Hanyarsa sananniya ce. Yakan nemi gidajen matalauta masu 'ya'ya da yawa, inda uwa ke fama ita kaɗai. Yakan zo da sunan taimako, ya fita da yara ya saya musu kayan zaƙi, ya dawo ya ce zai yi musu addu'ar kwanciya. Uwa kuwa tana godiya ga Allah da ya aiko mata da bawansa, kamar yadda Hannatu ta koma Rama da kwanciyar rai.

A 1980 Geoghan ya amsa da bakinsa cewa ya taɓa yara maza bakwai na dangi guda. Aka ba shi hutun rashin lafiya, a shekara mai zuwa aka tura shi wata majami'a. A 1982 wata 'yar'uwar iyayen yaran nan ta rubuta wa Kadinal Humberto Medeiros, shugaban dayosis na lokacin, tana kuka cewa an nemi danginsu su yi shiru, mutumin kuwa yana nan yana yawo da yara. A 1984 Bernard Law ya zama babban bishop na Boston, matar ta sake rubutawa. Law ya ɗauke Geoghan daga inda ya ke, cikin watan Nuwamba na wannan shekara kuma ya tura shi majami'ar St. Julia a garin Weston, inda aka sa shi lura da ƙungiyoyin matasa, har da yaran da ke hidima a bagade. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. An ba ta, ba sau ɗaya ba.

Shilo ta sami mutumin Allah da ya yi gargaɗi, Boston ma ba ta rasa ba. Cikin Disamba 1984 wani mataimakin bishop, John D'Arcy, ya rubuta wa Law yana nuna masa hatsarin wannan naɗi. Ba a ji maganarsa ba. A 1985 aka ba D'Arcy wata dayosis a jihar Indiana, Geoghan kuwa ya zauna a Weston. A 1989 aka sake kawo ƙara, aka tura shi asibiti, aka mai da shi majami'ar nan dai. Sai a 1993 aka raba shi da aikin majami'a, sai kuma a 1998 aka tuɓe shi daga zama fada. Sa'ad da ya ke ajiye aiki a 1996, Law ya rubuta masa takarda mai taushi, yana yaba hidimarsa, yana kiran abin da ya faru rashin lafiya. Ga muryar Eli nan, ba mu bukatar a fassara mana ita.

Daga baya Law ya ce ya dogara ne ga shawarar likitoci. Gaskiya ne an sami takardun likita da suka wanke Geoghan, amma da aka bincika sai aka tarar waɗanda suka rubuta su ba gwanayen irin wannan al'amari ba ne, ɗaya ma likitan gidansu Geoghan ne. Ba kuwa za a ce ba a taɓa sanin halin irin waɗannan mutane ba. Tun cikin shekarun 1950 wani fada, Gerald Fitzgerald, wanda ya kafa gidan jiyyar fadoji a jihar New Mexico, ya yi ta rubuta wa bishop-bishop cewa wanda ya taɓa yara kada a mai da shi bakin aiki. A 1985 kuma, ana cikin shari'ar wani fada mai suna Gilbert Gauthe a jihar Louisiana, mutum uku, watau fada Thomas Doyle, da fada Michael Peterson wanda likita ne, da lauya Ray Mouton, suka rubuta dogon rahoto suna gargaɗin shugabannin Ekklesiyar Amurka. Sani yana nan. Abin da ya rasa shi ne hani.

Ba daga bagade asirin ya tonu ba. Iyalai ne suka kai ƙara kotu, jaridar Boston Globe kuma ta roƙi alƙali a buɗe takardun da aka rufe, alƙali Constance Sweeney ta yarda a ƙarshen 2001. Ran 6 ga Janairu 2002 jaridar ta buga labarin farko. Kafin watan ya ƙare ta nuna cewa cikin shekara goma dayosis ɗin ta biya diyya a ɓoye saboda fadoji aƙalla 70, da sharaɗin waɗanda aka biya su rufe bakinsu. A wannan wata aka sami Geoghan da laifi a kan yaro guda, a wata na gaba kuma aka yanke masa shekara tara zuwa goma. A 2003 wani fursuna ya kashe shi a kurkuku, wannan kuwa kisankai ne, ba adalci ba. Fadoji 58 na Boston suka sa hannu a takarda suna roƙon shugabansu ya sauka, ran 13 ga Disamba 2002 Law ya sauka. A 2003 babban lauyan jihar ya ba da rahoto cewa takardun dayosis ɗin kanta sun nuna aƙalla mutum 789 da suka kawo kuka tun daga 1940, amma bai iya gurfanar da shugabannin ba, gama dokar lokacin ba ta tilasta wa malaman addini kai rahoto ga hukuma ba. A wannan shekara dayosis ta yarda ta biya dala miliyan 85 ga mutum 552. Law kuwa, a 2004 aka ba shi shugabancin ɗaya daga cikin manyan majami'un Roma, ya mutu a can a 2017. Waɗanda aka zalunta sun ɗauki wannan naɗi a kan sabon mari, ba mu kuwa ga laifinsu ba.

Da Boston ta buɗe, sai aka ga ba ita kaɗai ba ce. Binciken da bishop-bishop na Amurka suka sa aka yi, wanda ya fito a 2004, ya ƙirga fadoji 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002, wajen huɗu cikin ɗari na masu aiki a lokacin, da mutum 10,667 da suka kawo ƙara. A Jamus binciken 2018 ya sami malamai 1,670 da yara 3,677. A Faransa kwamitin Jean-Marc Sauvé ya ƙiyasta a 2021 cewa wajen mutum 216,000 ne fadoji da sauran masu wa'adin hidima suka lalata suna yara tun 1950. Wannan ƙiyasi ne, ba ƙirge ba, amma ko an rage shi ya isa sa mutum kuka. Huɗu cikin ɗari kuma yana nufin mafi yawan fadoji ba su taɓa yin wannan ba, ya kamata mu faɗi haka a fili. Shi ya sa ma mu ke cewa babban tambaya a kan masu lura take. 'Yan kaɗan ba su iya yin ɓarna mai yawa haka sai in akwai mai sauya musu wuri duk lokacin da asirinsu ya kusa tonuwa.

Me ya sa Eli ba ya hana?

Kada mu zaci shugabannin nan dodanni ne. Da yawansu masu addu'a ne, masu taimakon matalauta. Eli ma ya sa wa Hannatu albarka, shi ne kuma ya koya wa Samu'ila yadda zai amsa kiran Ubangiji. A ƙasar Ailan, kwamitin da alƙali Yvonne Murphy ta shugabanta ya binciki dayosis ta Dublin, ya ba da rahoto a 2009. Abin da ya tarar shi ne, har zuwa tsakiyar shekarun 1990 abin da ya fi damun shugabanni shi ne ɓoye zance, da gudun abin kunya, da kare sunan Ekklesiya da dukiyarta, lafiyar yara kuwa tana baya. Kwamitin ya ambaci wani abu mai ban tsoro: a 1987 dayosis ɗin ta ɗauki inshora saboda ƙararrakin irin wannan laifi, alhali ba a kai sunayen fadoji ga 'yan sanda ba sai a 1995. Watau an san hatsarin sosai har an kare aljihu, ba a kare yaro ba.

Ga bishop, fada ɗansa ne na ruhu, shi ya ɗibiya masa hannu, sun ci abinci a tebur ɗaya. Yaron da aka lalata kuwa suna ne kawai a takarda. Sa'ad da fada ya durƙusa yana kuka, bishop yana ganin hawayensa da idonsa, hawayen yaron kuwa a wani ɗaki a ke zubar da su. Tausayi yakan bi fuskar da a ka sani. Wannan shi ne girmama 'ya'ya fiye da Ubangiji, ba ya kuwa kama da mugunta a idon mai yinsa, kama da jinƙai ya ke yi.

A nan akwai wata kalma tamu da ya wajaba mu auna. Muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, addu'a ce mai kyau. Mai rufa asirin maƙwabcinsa da talauci ya kama, ko wanda ya yi tuntuɓe ya cuci kansa, mutumin kirki ne. Amma in asirin da a ke rufewa na mai cin yara ne, to, rufin ya zama bargon da zai shiga ƙarƙashinsa ya sake ci. Wanda ya cancanci rufin asiri shi ne yaron: kada a yi yawo da sunansa, kada a nuna shi da baki a kasuwa. Sau da yawa mukan juya abin, mu rufa wa babba, yaron kuma mu ce masa ya bar kaza cikin gashinta. Haka aka yi wa Tamar a 2 Samu'ila 13. Absalom ya ce ta yi shiru domin abin na gida ne, Dauda ya husata ƙwarai amma bai ɗauki mataki ba. Tamar ta ƙare kwanakinta a kaɗaice, gidan da aka so a rufa wa asiri kuwa ya ƙare da kisankai da tawaye.

Ayoyin da a kan fake da su

Wani zai ce, Matta 18:15-17 ta koya mana a fara jan ɗan'uwa gefe a yi masa magana a asirce. Sai mu roƙe shi ya karanta surar daga farkonta. Yesu ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyarsu, ya kuma ce wanda ya sa irin wannan yaro tuntuɓe, da an rataya masa dutsen niƙa an jefa shi teku da ya fi masa sauƙi. Ba shi yiwuwa Ubangiji ya faɗi wannan a aya 6, a aya 15 kuma ya umarci yaro ɗan shekara tara ya je shi kaɗai ya fuskanci wanda ya lalata shi. Ayoyin nan na saɓani ne tsakanin 'yan'uwa da za su iya duban juna. Ko su ma ba a asirce su ke ƙarewa ba, a gaban jama'a su ke ƙarewa.

Wani kuma zai kawo 1 Korintiyawa 6, ya ce masu bi ba su kai juna kotu. Bulus yana maganar jayayya ce a kan al'amuran yau da kullum, inda mutum zai iya haƙura a cuce shi. Bulus ɗin nan shi ne ya rubuta a Romawa 13 cewa mai mulki bawan Allah ne da aka ba takobi domin masu aikata mugunta. Lalata da yaro zunubi ne, Ekklesiya ta hore shi; laifi ne kuma ga doka, hukuma ta hukunta shi. Dattawan majami'a ba su da ikon bincike irin na 'yan sanda, ba su da kurkuku, ba su kuma da izinin yafe abin da ba su aka yi wa ba.

Gafara fa? Ba mu musun cewa jinin Almasihu ya isa wanke ko wannan zunubi. Amma gafara dabam, mai da mutum kan muƙami dabam. Sharuɗan shugabanci suna 1 Timotawus 3, wanda ya ci amanar yaro ya fita daga cikinsu. Tuban gaskiya kuma yana da alama, kamar na Zakka wanda ya miƙe a gaban mutane ya ɗauki nauyin biyan waɗanda ya cuta. Mai tuba ba ya roƙon a mai da shi cikin yara, ba ya gudun shari'a. Wanda ya zo da hawaye yana neman a rufe zance a mai da masa da kujerarsa, tsoron kunya ne ke damunsa. Kada kuma a matsa wa wanda aka zalunta ya furta gafara da sauri domin manya su huta.

Akwai tambaya mai nauyi da ba za mu tsallake ba, ta zargin ƙarya. Yana faruwa. A 1993 wani mutum ya zargi Kadinal Joseph Bernardin na Chicago, a 1994 ya janye zargin. A Ostareliya an ɗaure Kadinal George Pell, a 2020 kuma babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin ta sake shi. Kubawar Shari'a 19 da 1 Timotawus 5:19 sun hana a hukunta mutum a kan bakin mutum guda. Amma surar nan ta Kubawar Shari'a ta umarci alƙalai su yi bincike mai zurfi, ba ta ce a kori mai ƙara ba. Wannan laifi a ɓoye a ke yinsa, mai yinsa ba ya gayyatar shaidu. Shari'ar Musa ta san da haka, gama a sura 22 ta yi tanadi domin budurwar da aka kama a jeji inda ba mai jin kukanta. Bincike na gaskiya a hannun waɗanda ba su da abin karewa shi ne ke wanke mai gaskiya, ɓoyewa kuwa takan bar shi cikin zato har mutuwarsa. Kada kuma mu ce, don me bai faɗa ba tun tuni? Hukumar binciken Ostareliya, wadda ta yi aiki daga 2013 zuwa 2017, ta tarar cewa waɗanda suka kawo kuka ga Ekklesiyar Katolika sun ɗauki shekara 33 a matsakaici kafin su buɗe baki. Samu'ila da kansa ya kwana da saƙon, da safe yana jin tsoron faɗa wa Eli, shi kuwa ba a taɓa jikinsa ba.

A nan dole mu yaba wa Eli da abu guda. Ya kira yaron, ya nace kada ya ɓoye masa kome, da ya ji kuma bai ce yaro ƙarya ya ke yi ba. Shugabanni da yawa na zamaninmu ba su kai ga wannan ba. Sai dai amsarsa miƙa wuya ce kawai. Ko bayan wannan bai tashi ya tuɓe 'ya'yansa ba, gama a sura 4 muna ganinsu tare da akwatin alkawari a fagen yaƙi. Mutum dubu talatin suka fāɗi a ranar, aka ƙwace akwatin, Eli ya fāɗo daga kujerarsa yana da shekara 98, aka raɗa wa jikansa suna mai nuna cewa ɗaukaka ta rabu da Isra'ila. Sunan gidan da ya ke lallaɓawa shi ne ya fara zubewa.

Ekklesiyar Katolika ta ɗauki matakai, adalci ne mu ambace su. A 2002 bishop-bishop na Amurka suka taru a Dallas suka yarda cewa fadan da laifi guda ya tabbata a kansa ba zai koma hidima ba, ko da shi ke dokar ba ta taɓa su kansu ba. A 2018 Fafaroma Francis ya kare wani bishop na ƙasar Chile, ya kira zargin da a ke yi masa ƙazafi. Da ya aiki mai bincike ya ga rahoton, sai ya amsa cewa ya yi babban kuskure, ya nemi gafarar waɗanda ya ƙaryata, bishop-bishop na ƙasar kuma suka miƙa takardun sauka. A 2019 aka tuɓe Theodore McCarrick wanda dā kadinal ne, aka kuma kafa dokar da ta wajabta wa fadoji kai rahoto ga shugabannin Ekklesiya, ta shimfiɗa hanyar bincikar bishop da ya ɓoye laifi. Ƙungiyoyin waɗanda aka zalunta sun ce wannan bai isa ba, tun da bishop ne ke bincikar bishop, dokar kuma ta bar zancen kai rahoto ga 'yan sanda ga dokar kowace ƙasa. A ganinmu suna da hujja. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne, kusan kowane gyara bayan jarida ko kotu ta tilasta aka yi shi.

Sa'ad da mutanen Urushalima suka dogara ga haikalinsu, Irmiya ya aike su su je su dubi kufan Shilo. Bai aike su domin su yi wa Shilo dariya ba. In wani a cikinmu ya ce wannan ciwon Katolika ne domin fadoji ba su aure, sai ya tuna Hofni da Finehas daga zuriyar masu aure su ke, Finehas ma matarsa tana da ciki. A 2019 jaridar Houston Chronicle ta ƙirga shugabanni da ma'aikata wajen 380 na Baptis ta Kudancin Amurka da aka zarga, da mutum fiye da 700 da aka cuta. A 2024 Justin Welby, shugaban Anglikan na Canterbury, ya sauka saboda rahoto a kan John Smyth, wanda ya azabtar da samari a Ingila, waɗansu shugabanni suka sani tun 1982 suka rufe, ya ƙaura Zimbabwe ya ci gaba. Ekklesiyar Katolika tana ajiye takardu, shi ya sa aka iya ƙirga nata. Majami'ar da ba ta rubuta kome ba za ta ce lissafinta fari ne ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka.

Muna da makarantun Lahadi, da ƙungiyoyin mawaƙa, da makarantun kwana, da yaran da iyaye daga ƙauye su kan kawo gidan fasto su zauna domin karatu. Mun kuma san al'adar sauya wa ma'aikaci wurin aiki ba tare da an gaya wa sabuwar majami'a dalili ba. A Nijeriya Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a kan yaro, ba ta kuwa ware malamin addini daga hukuncinta ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A 1 Samu'ila 2:22-25, me Eli ya yi, me kuma ya ke da ikon yi amma bai yi ba?

2. In yarinya ta gaya wa malamar makarantar Lahadi cewa wani dattijo ya taɓa ta, wa malamar za ta gaya wa a majami'armu? In wanda a ke zargi shi ne wannan mutum fa, ko ɗan'uwansa?

3. Akwai lokacin da babba guda ya kan kasance da yaro guda a ɗaki rufe da sunan aikin majami'a? Me zai hana a sāke wannan tun daga makon nan?

4. Sa'ad da a ke sauya wa ma'aikaci wuri saboda wani zargi, me a kan rubuta wa majami'ar da za ta karɓe shi?

Mai bi da darasi ya rubuta amsoshin tambaya ta 2 da ta 4, ya kai wa majalisar dattawa a zamansu na gaba. Karatun mako mai zuwa: Ezekiyel 34:1-16.